Yadda Ake Gano Cututtukan Cima-zaune A Gonakin Jatan Lande

Kiwon jatan lande yana cikin manyan sana'o'in da ke samar da kuɗin shiga a gaɓar tekun ƙasashen Asiya da na Latin Amurka, kuma babu abin da ke yi wa sana'ar barazana kamar cututtuka.

Alƙaluman Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO, sun nuna cewa a shekara ta 2020 an samu kimanin tan miliyan 5.8 na nau'i guda kaɗai, wato farin jatan lande da masana ke kira Penaeus vannamei. Asalin wannan nau'i gaɓar tekun Pasifik ce, daga Meziko zuwa arewacin Peru, amma tun farkon shekarun 2000 ya mamaye tafkunan kiwo a ƙasashen Sin, da Tailan, da Biyetnam, da Indonesiya, daga baya kuma Indiya. Kafin zuwansa, nau'in da aka fi kiwo a yankin shi ne babban jatan lande mai zane-zane a jiki, Penaeus monodon.

Cututtukan da suka fi yin suna a wannan sana'a su ne masu kisa nan take. Cutar farin tabo, wadda ƙwayar bairos ke haddasawa, ta ɓulla a gabashin Asiya a 1992, kuma tana iya ƙarar da tafki guda cikin kwanaki uku zuwa goma. Irin wannan cuta ba ta ɓuya. Manomi zai wayi gari ya tarar da gawarwaki a gefen ruwa.

Akwai kuma wani rukunin cututtuka da ba su cika yin kisa ba, sai dai su riƙa cin dukiyar manomi sannu a hankali ba tare da ya sani ba. Su ne cututtukan cima-zaune, wato ƙananan halittun da ke zama a kan jikin jatan lande ko a cikinsa, suna rayuwa da abin da suke samu daga gare shi. Tun da mafi munin cikinsu ba ta da magani, kusan duk yaƙin da ake yi da su ya ta'allaƙa ne a kan gano su da wuri, da kuma gano su daidai.

Aikin yana farawa ne a bakin tafki

A kowane tafkin kiwo akan zura wasu faifan raga masu igiya, a zuba ɗan abinci a kai. Bayan awa ɗaya ko biyu sai ma'aikaci ya ɗaga faifan, ya duba yawan abincin da ya rage, da kalar kashin dabbobin, da kuma yanayin waɗanda suka hau kai. Akan kuma jefa raga lokaci-lokaci, galibi mako-mako, a kamo wasu a auna nauyinsu.

Mai ido yana iya gane abubuwa da dama daga nan. Jikin jatan lande mai lafiya garau yake, har ana hango hanjinsa cike da abinci kamar baƙin zare a bayansa. A cikin kansa kuma akwai wata gaɓa mai launin ƙasa-ƙasa wadda ke yin aikin hanta da na narkar da abinci gaba ɗaya. Manoma a ƙasashe da yawa hanta kawai suke ce mata, kuma ita ce gaɓar da aka fi dubawa. Idan ta koɗe, ko ta motse, ko hanjin ya zama fayau, to akwai matsala.

Sai dai alamun waje ba su cika faɗin sunan cuta ba. Misali shi ne farin tsoka. Akwai wasu ƙwayoyin cima-zaune, irin su Agmasoma da Ameson, da ke shiga tsokar jatan lande su mayar da ita fara fat kamar auduga ko madara, ta yadda ba ta sayuwa a kasuwa. Amma wata ƙwayar bairos da ta ɓulla a Birazil a 2002, ta kuma isa Indonesiya a 2006, ita ma tana faranta tsoka. Haka nan tsananin zafi, ko ƙarancin iska a ruwa, ko wahalar kamu da rana tsaka, duk suna iya yin hakan. Abubuwa uku ke nan masu kama ɗaya, kuma matakin da za a ɗauka a kan kowanne daban yake.

Abin da madubi ke nunawa

Mataki na gaba shi ne madubin hangen ƙananan halittu, wanda yawancin manyan gonaki da gidajen ƙyanƙyasa suke da shi. Akan yanko ɗan ɓangare na gaɓar numfashi da ke ƙarƙashin ɓawon kai, ko ƙafa, ko a matso abin da ke cikin hanji, a ɗora a kan ɗan gilashi, a ɗiga ruwan gishiri mai tsabta, a rufe, sannan a duba. Aikin ba ya wuce 'yan mintoci, kuma kusan ba ya cin kuɗi.

Da wannan hanya ake gane halittun da ke maƙalewa a waje, irin su Zoothamnium, da Epistylis, da Vorticella. A ƙarƙashin madubi suna kama da ƙananan ƙararrawa a kan tsinke, wasu ɗai-ɗai, wasu a tare kamar reshen bishiya. Ba sa cin naman dabbar. Wurin zama kawai suke nema, abincinsu kuma bakteriya ne da dattin ruwa. Amma idan suka yi yawa sukan toshe gaɓar numfashi, sai dabbar ta shaƙe da asuba, lokacin da iskar cikin ruwa ta fi yin ƙasa. Saboda haka ƙwararru sukan ɗauki yawansu a matsayin shaida a kan ruwan tafkin, wato alamar cewa ragowar abinci da kashi sun taru a ƙasa. Sau da yawa gyaran ruwa ya wadatar, domin da zarar dabbar ta saɓe ɓawonta sai ta rabu da su.

A cikin hanji kuma akan ga wasu halittu dogaye kamar tsutsotsi, waɗanda ake kira giregarin, mafi shahara a cikinsu Nematopsis. Suna shigowa ne ta hanyar dodon koɗi da tsutsotsin da ke zaune a ƙasan tafki. Kaɗan daga cikinsu ba sa yin wata illa, amma masu yawa kan lalata bangon hanji su rage girma, musamman a kan 'ya'ya ƙanana.

Shi ma farin tsoka madubi yana warware shi. Idan aka murza ɗan farin naman a kan gilashi aka ga dubban ƙwansuna ƙanana, to cima-zaune ne. Bincike a Tailan a shekarun 1990 ya nuna cewa Agmasoma ba ta wucewa kai tsaye daga jatan lande zuwa ɗan'uwansa, sai ta bi ta cikin wasu kifaye tukuna. Don haka tace ruwa da hana kifin waje shiga tafki ya isa ya karya lagonta, kuma wannan ne ya sa ba ta zama annoba ba.

Cutar da ba ta kisa

Wadda ta zama annoba ita ce Enterocytozoon hepatopenaei, da aka fi sani da EHP. Masana a Tailan ne suka fara ba da labarinta a 2004, bayan sun gan ta a hantar Penaeus monodon da ya ƙi girma, sannan a 2009 aka bayyana siffarta aka raɗa mata suna. A 2023 wasu masana suka ba da shawarar a mayar da ita wani rukuni a kira ta Ecytonucleospora hepatopenaei, amma taƙaitaccen sunan bai sauya ba.

EHP tana cikin dangin da ake kira maikurosforidiya, waɗanda bincike ya nuna cewa 'yan'uwan funfuna ne. Tana da 'yar'uwa ta kusa, Enterocytozoon bieneusi, wadda ke sa gudawa ga mutanen da garkuwar jikinsu ta yi rauni, kamar masu fama da cutar ƙanjamau. Ita EHP dai babu wata shaida da ke nuna tana kama ɗan Adam. Matsalarta ta aljihu ce.

A waje tana zama ne a cikin ƙwanso mai tauri, wanda tsawonsa bai wuce kashi ɗaya cikin dubu na milimita da kaɗan ba. A cikin ƙwanson akwai wani siririn bututu a nannaɗe. Idan jatan lande ya haɗiye shi, sai bututun ya harbo da ƙarfi, ya huda tantanin hanta, ya ɗura abin da ke ciki. A nan ƙwayar za ta hayayyafa, ta samar da sabbin ƙwansuna, har tantanin ya fashe. Wasu su kama maƙwabtan tantani, wasu su fita da kashi zuwa cikin ruwa. Ƙwayar ba ta iya samar wa kanta isasshen kuzari, don haka daga tantanin da ta shiga take zuƙa. Dabbar za ta ci gaba da cin abinci, amma amfanin abincin ba ya isa jikinta.

A 2013 masana na cibiyar Centex Shrimp ta Jami'ar Mahidol da ke Bankok suka nuna cewa EHP ba ta bukatar wata halitta a tsakani. Idan mai lafiya ya ci naman mai ɗauke da ita, ya kamu. Daga baya aka tabbatar cewa zama a ruwa ɗaya ma ya isa. A tafkin da aka cunkusa dabbobi da yawa, kuma jatan lande halitta ce mai cin gawar 'yar'uwarta, wannan na nufin ba a daɗewa kowa ya samu.

Abin da manomi ke gani shi ne, daga wajen wata na biyu, nauyin da ake aunawa ya daina hawa yadda aka saba. Idan aka jefa raga sai a ga bambancin girma, wasu manya, wasu kamar ba tare aka zuba su ba. Kiwon da ya kamata a kammala cikin wata uku ko huɗu sai ya ja, ana ta zuba abinci, alhali abinci shi ne ya fi komai cin kuɗi a sana'ar. Farashin jatan lande kuma ya danganta ne da girma, domin ana ƙidaya guda nawa ke cikin kilo ɗaya. Ƙanana ba su da daraja. Manomi zai iya kwashe tafkinsa cike da dabbobi masu rai, ya kuma tashi da bashi.

Wani bincike da Cibiyar Kiwon Halittun Ruwan Zartsi ta Indiya, wato CIBA da ke Chennai, ta wallafa a 2021 ya ƙiyasta cewa cututtuka na jawo wa manoman jatan lande na ƙasar asarar kimanin dala biliyan ɗaya a shekara. Daga ciki EHP ce ke da sama da dala miliyan 560, wato fiye da ninki biyu na abin da aka ɗora wa cutar farin tabo mai kisa.

Dalilin da ya sa aka makara

Shekarun da EHP ke bazuwa sun zo daidai da wata masifa da ta fi ta ɗaukar hankali. Wata cuta mai kashe 'ya'ya cikin wata guda da zuba su a tafki ta ɓulla a ƙasar Sin a 2009, ta shiga Biyetnam a 2010, Malesiya a 2011, Tailan a 2012, sannan Meziko a 2013. Abin da Tailan ke samarwa ya ragu da kusan rabi. Sai a 2013 ne tawagar Farfesa Donald Lightner ta Jami'ar Arizona a Amurka ta gano cewa wani nau'in bakteriya ne, Vibrio parahaemolyticus, mai fitar da guba.

A lokacin da kowa ya mayar da hankali a kan waccan, samfuran da ake kai wa ɗakunan bincike suna ta nuna EHP a gefe. Farfesa Timothy Flegel da Dakta Kallaya Sritunyalucksana da abokan aikinsu a Tailan sun yi gargaɗi a kai, kuma ƙungiyar cibiyoyin kiwon halittun ruwa ta yankin Asiya da Pasifik, NACA, ta yaɗa gargaɗin. Amma cutar da ba ta kisa ba ta cika samun mai saurare ba a shekarar da tafkuna ke mutuwa.

Akwai kuma wata ɓaraka. Iyayen farin jatan lande da ake sayarwa gidajen ƙyanƙyasa suna zuwa ne da takardar shaidar cewa ba su ɗauke da wasu cututtuka da aka lissafa. Takardar tana magana ne kawai a kan abin da ke cikin jerin, kuma a wancan lokaci EHP ba ta ciki. Ko iyayen sun iso da tsabta, gidajen ƙyanƙyasa da yawa suna ciyar da su da rayayyun tsutsotsin teku da aka tono a gaɓar da ruwan gonaki ke kwarara, domin suna ƙara yawan ƙwai. Ta nan ƙwansunan ke shiga. Kashin iyaye ya gurɓata ƙwai da ruwa, sai 'ya'yan su tafi da cutar gonaki masu nisa. Yanzu an tabbatar da ita a Sin, da Biyetnam, da Indonesiya, da Malesiya, da Indiya, da wasu ƙasashen, kuma a 2017 aka ba da rahotonta daga Benezuwela.

Yanka hanta a duba

Ana iya ganin ƙwansunan EHP da madubi, amma da ƙyar. Sai an murza hanta a kan gilashi, an rina ta da rini irin su Giemsa ko Phloxine B, an kuma yi amfani da idon madubi mafi ƙarfi, wanda ake ɗiga wa mai. Ko da haka, ƙwanson bai fi ƙwayar bakteriya girma ba, kuma wanda bai goge ba zai iya rikita su. Idan cutar ta yi yawa ana gani. Idan tana farawa ne, galibi ba a gani.

Hanyar da ta fi nuna gaskiyar abin da ke faruwa a jiki ita ce nazarin yankakken nama. A nan ma'aikacin gona yana da rawar da ta fi ta masanin da ke birni, domin idan samfur ya lalace tun daga bakin tafki babu abin da za a iya yi. Hantar jatan lande cike take da sinadaran narkar da abinci, kuma da zarar dabbar ta mutu sai su fara narkar da ita kanta. Saboda haka ba a aika gawa, ba a kuma aika wanda aka sa a ƙanƙara. Mai rai ake kamawa, ko wanda ke gab da mutuwa, a yi masa allurar ruwan Davidson, wato haɗin barasar asibiti da fomalin da ruwan tsami, kai tsaye a cikin hanta da sauran jiki. Sai a tsaga ɓawon, a tsoma shi a cikin ruwan na kwana ɗaya zuwa uku gwargwadon girmansa, sannan a mayar da shi cikin barasa mai ƙarfin kashi 70 cikin ɗari.

A ɗakin bincike za a daskarar da naman a cikin kaki, a yanka shi siriri fiye da takarda, a rina. Mai dubawa zai ga tantanin hanta da ƙwayar ta shiga, da matakan girmanta, da tarin ƙwansuna, da kuma yawan ɓarnar da aka yi, wadda akan ba ta maki daga 0 zuwa 4. Zai kuma iya ganin cutar da ba a aiko shi nema ba, abin da sauran hanyoyin ba sa yi. Illar hanyar ita ce tana ɗaukar kwanaki, kuma masu iya karanta irin wannan gilashi ba su da yawa ko a ƙasashen da sana'ar ta bunƙasa.

Rikicin farin kashi

Babu inda wahalar gano cuta ta fito fili kamar a batun farin kashi. A gonaki da yawa na Asiya akan wayi gari a ga fararen zaruruwa suna yawo a saman ruwa, sun taru a kusurwar da iska ke kaɗawa. Dabbobin su rage cin abinci, ɓawonsu ya saki, wasu su mutu.

Da aka fara duba zaruruwan da madubi, sai aka ga wasu abubuwa dogaye masu kama da tsutsa, aka ce giregarin ne. Manoma da dama suka shiga ba da magungunan tsutsa da tafarnuwa. A 2014 masana a Tailan suka nuna cewa abubuwan ba halittu ba ne sam. Gashin da ke shimfiɗe a bangon bututun hanta ne ke saɓulewa, ya dunƙule, ya nannaɗe har ya yi kama da tsutsa. Ba su da ƙwayar tsakiya, ba su da wata gaɓa ta mai rai. Kamar ce kawai ta yaudari ido.

Daga nan zargi ya koma kan EHP, domin ana yawan samunta a tafkunan da ke da farin kashi, kuma a Indonesiya an ga zaruruwan cike da ƙwansunanta. Sai dai a gwajin 2013, dabbobin da aka sa wa EHP sun kamu sosai amma ba su yi farin kashi ba, kuma akwai tafkuna masu ɗauke da ita da ba su taɓa nuna alamar ba. Gwaje-gwajen da aka yi daga baya a Arizona sun nuna cewa idan EHP ta riga ta raunana hanta, sannan wasu bakteriya na dangin Vibrio suka biyo baya, farin kashi yana fitowa. An kuma nuna cewa mai ɗauke da EHP ya fi saurin mutuwa idan cutar nan mai kashe 'ya'ya ta same shi. Abin da masana suka fi karkata a kai yanzu shi ne taron dangi ne, EHP ta buɗe ƙofa wasu su shigo.

Ga manomi, ma'anar wannan ita ce ganin farin kashi dalili ne na aika samfur a nemi EHP, amma rashin ganinsa ba shaidar tsabta ba ce.

Gwajin PCR da iyakarsa

Hanyar da aka fi dogara da ita a yau ita ce PCR, gwajin da jama'a da yawa suka san sunansa a lokacin annobar korona ta 2020. Ba'amurke Kary Mullis ne ya ƙirƙiro shi a shekarun 1980, ya kuma sami lambar Nobel a 1993. Gwajin yana neman wani ɗan yanki na kayan gadon ƙwayar cutar, wato DNA, ya riƙa ninka shi har ya kai yadda na'ura za ta gani. Yana iya gano cutar tun ƙwansunan ba su da yawa, kuma ana samun sakamako cikin yini ɗaya ko biyu. Samfurin wannan gwaji a barasa mai ƙarfin kashi 95 cikin ɗari ake adana shi, domin ruwan Davidson yana lalata DNA.

Wurin da aka ɗebo samfur yana da muhimmanci. Domin neman cutar farin tabo akan yanki ƙafar iyo ne, kuma ma'aikata da yawa sun saba da haka. EHP ba ta zama a ƙafa. Hanta ake bukata, ko a niƙa 'ya'ya ƙanana gaba ɗayansu. Iyaye kuwa suna da tsada, ba a son kashe su, don haka kashinsu ake tarawa a gwada, kuma ya fi kyau a maimaita, domin ba kullum suke fitar da ƙwansuna ba.

Gwajin farko da aka yi wa EHP yana neman wani yanki ne na DNA da take tarayya a kai da danginta na kusa. A hantar jatan lande wannan ba matsala ba ce sosai. Amma da aka fara gwada abinci, da laka, da ƙaguwa, da kifi, sai ya riƙa cewa akwai EHP a inda wasu 'yan'uwanta ne marasa illa ga jatan lande. A 2016 masana a Tailan suka fitar da sabon gwaji mai neman yankin da ke gina bangon ƙwanson, wanda ya fi bambance ta da dangi, ya kuma fi jin ƙanƙanin abu.

Ko wannan yana da iyaka. PCR ba ya bambance ƙwanso mai rai da matacce. Abincin da aka dafa da zafin da ya kashe komai zai iya nuna alamar cutar, haka ma tafkin da aka riga aka tsabtace. Tsutsa ko dodon koɗi da gwaji ya nuna suna ɗauke da ita, mai yiwuwa haɗiye ƙwansunan kawai suka yi, ba kamuwa suka yi ba. Domin a raba gardama akan koma kan yankakken nama, a zuba wani sinadari mai maƙale wa DNA ɗin EHP kaɗai, a ga ko yana cikin tantani ne ko a waje.

Akwai kuma nau'in PCR mai ƙidaya, wanda ke faɗin yawan ƙwayar. Shi ya fi amfani ga manomin da dabbobinsa ke cikin tafki, domin tambayarsa ta wuce ko akwai ko babu. Bincike a ƙasar Sin ya nuna cewa gwargwadon yawan ƙwayar a hanta, gwargwadon yadda girma ke tsayawa. An kuma ƙirƙiro wata hanya mai suna LAMP, wadda ke aiki da zafi guda ba tare da babbar na'ura ba, ana iya yin ta a ƙaramin ɗaki a gona, kodayake tana da saurin gurɓata idan ba a kula ba.

Guda nawa za a gwada

Wannan tambaya ce da ake yawan yi wa riƙon sakainar kashi. Manomi zai sayi 'ya'ya dubu ɗari biyar, a gwada goma, a ba shi takarda. Lissafin da likitocin halittun ruwa ke bi yana cewa, idan biyar cikin kowane ɗari ne ke ɗauke da cuta, sai an gwada kimanin 60 kafin a sami tabbacin kashi 95 cikin ɗari cewa za a ci karo da ita. Idan biyu ne cikin ɗari, sai kimanin 150. Domin rage kuɗi akan haɗa samfura kaɗan-kaɗan a gwada tare, amma idan aka haɗa da yawa sai mai cutar ya ɓace a cikin masu lafiya.

Idan kuma matsala ta riga ta bayyana a tafki, ba a ɗiba barkatai. Ƙananan da suka ƙi girma ake zaɓa, tare da wasu manya domin a kwatanta.

Bayan sakamako ya fito

Babu wani magani da aka tabbatar yana kashe EHP a jikin jatan lande. An gwada fumagillin, wanda masu kiwon zuma ke amfani da shi a kan wata cuta ta wannan dangi, bai yi aiki ba. Duk da haka kasuwannin kayan kiwo a Asiya cike suke da garuka da ruwaye da ake cewa suna warkar da ita.

Amfanin sakamakon yana ga shawarar da zai sa a yanke. Idan 'ya'ya ne ba a riga an zuba ba, sai a ƙi karɓa, kuma nan ne gwaji ya fi biyan kuɗinsa. Idan iyaye ne, sai a fitar da su, a wanke gidan ƙyanƙyasa da bututunsa da ruwan soda mai zafi, irin wadda ake yin sabulu da ita, mai ƙarfin kashi 2.5 cikin ɗari. A daina ba da rayayyun tsutsotsi, ko a daskarar da su tukuna a sanyin digiri 20 ƙasa da sifili, wanda gwaji ya nuna yana kashe ƙwansunan.

Idan dabbobin suna cikin tafki kuma ƙwayar ba ta yi yawa ba, wasu manoma sukan ci gaba, suna zuƙe kashi da laka daga tsakiyar tafkin kullum, suna kwashe gawarwaki, suna sauya ruwa, domin a rage yawan ƙwansunan da ke komawa baki. Idan ta yi yawa kuma awo ya nuna girma ya tsaya, sai a kwashe da wuri a sayar a yadda ya samu, kafin kuɗin abinci ya cinye abin da ya rage.

Bayan an kwashe, ƙwansunan suna nan a cikin laka suna jiran zubi na gaba. Shawarar da masanan Tailan suka bayar ita ce a busar da tafkin, a watsa ƙonanniyar farar ƙasa kimanin tan shida a kowace hekta, a kafce ta cikin ƙasa, sannan a jiƙa, a bar ta mako guda kafin a cika ruwa. Wannan ya fi yiwuwa a gonakin da ke da tafkin ajiyar ruwa na kansu. A yankuna irin su Andhra Pradesh a Indiya da bakin kogin Mekong a Biyetnam, inda dubban ƙananan manoma ke ɗiban ruwa daga magudana ɗaya su kuma zubar a cikinta, ruwan da wani ya saki da safe shi ne maƙwabcinsa ke ja da yamma, don haka akan sake gwada tafkin da aka tsabtace bayan 'yan makonni da zuba sabbin 'ya'ya.